Gonar Baba da Rana Tsaka

Na sauka a Aujara rana ta take,
kyamara rataye a wuya, ƙarfenta har ƙuna yake.
Yayana Tanimu ne ya taso ni ta waya daga Fatakwal.
Shekara tara rabonsa da gonar Baba,
ya ce, je ka ɗauko mini ita yadda take.

Yadda take.
Na tsaya a bakin kunyar farko, na saita, na danna.
Abin da ya fito farin ƙyalle ne.
Sama ta ƙone ta koma takarda,
yashi ya zama gishiri,
giginyu biyun da ke kan iyaka
sun tsaya baƙi ƙirin kamar zanen gawayi,
inuwar kowace ta shige ƙarƙashin ƙafarta ta ɓuya.

Na tsuke ƙofar haske har ta kusa rufewa,
sama ta dawo, ƙasa ta dushe.
Na sassauta kaɗan, ƙasa ta dawo, sama ta gudu.
Awaki biyu, igiya ɗaya,
ka kamo wannan, waccan ta tsinke.
Can gabas kawalwalniya na ta rawa
tana yi mini alkawarin tafkin da babu shi.

Wani tsoho na sharar gona a maƙwabta.
Barau ne, ashe yana nan da ransa.
Ya dubi gumin da ke ɗiga daga haɓata,
ya tuɓe malafarsa ya tare mini saman gilashi.
Ƙyallin ya ragu, bai mutu ba.
Ya ce, “Ɗan Ilu, ba a neman alfarma wurin rana tsaka.
Zo gindin gawo ka sha farau-farau.
In ta karkata, da kanta za ta kira ka.”

Gawo ne kaɗai mai riga a wannan bazara.
Muka yi azahar a kan buhun taki,
ya lissafa mini waɗanda suka rasu, gida gida,
har barci ya kwashe shi a tsakiyar wani suna.
Ni kuwa ina gadin batir, saura layi biyu.

Da la'asar ta yi sakaliya
sai haske ya daina faɗowa, ya fara shigowa ta gefe.
Kunyoyin bara suka miƙe ɗaya bayan ɗaya,
kowace da inuwarta a kwance kusa da ita.
Tushiyar dawa ta yi ja, yashi ya yi launin zuma,
inuwar giginya ta ratsa gonar, ta haye iyaka,
ta je ta kwanta a kan hanyar amalanke.
Sau goma sha huɗu na danna.
Kowanne ya isa a buga shi a kalanda.

A tashar Jahun, ina jiran mota ta cika,
na bi su ɗaya ɗaya da babban yatsa.
Kyau kam akwai.
Sai dai warhaka Baba ya daɗe da kama hanyar gida,
fartanya a kafaɗa, gonar tana bayansa.
Wadda ya sani ita ce farar nan,
wadda ake kallo da ido a tsuke,
gishirin gumi na cin gefen ido.

Na tura wa Tanimu ta la'asar.
Inuwar giginya ce, na nesa ka sha ta.
Ya amso nan take: kai, haka take?
Ban ba shi amsa ba.

Ƙonannen hoton na bar wa kaina.
A kusurwarsa ta hagu, cikin farin da ya cinye kome,
akwai ɗigon baƙi, mutum a sunkuye, ba fuska.
Na san Barau ne.
Amma ban matso da shi kusa don in tabbatar ba.