Mai Gyaran Famfo a Gado Na Bakwai

Shekara ashirin da shida ina buɗe wa Azare hanyar ruwa.
Bututu ya toshe a Matsango, ni ake kira.
Famfon masallaci ya yi gardama, ni ake kira.
Ranar da nawa ya toshe
na rasa wa zan kira.

Da fari na ce zazzaɓin sauro ne,
na aiki yaro kemis.
Sanyi ya kama ni a tsakiyar bazara,
haƙora na kaɗawa kamar kwanuka a bayan a-kori-kura.
Wani ciwo ya tare inda ba a nunawa da yatsa,
tsakanin gaba da baya,
zama ya koma hawan garwashi.
Fitsari ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo da barkononsa.
Daren Alhamis ko ɗigon ya ƙi.

Dudu ba ta yi shawara da ni ba.
Mayafi ta yafa, ta taro mai keke.

Likitan sa'an ɗana ne, Sambo sunansa.
Ya ce, "Baba, zan sa safar hannu, in duba ta baya.
Sau ɗaya, a hankali. Ba zan matsa ba,
in an matsa, ƙwayoyin kan tsallaka cikin jini."
Na juya ga bango,
na ƙirga tsagar fenti har goma sha ɗaya.
Da ya taɓa wurin
sai da na kira uwata, ita da ta daɗe a ƙasa.

Ya zana min a bayan kati:
wani ƙulli kamar goro a gindin mafitsara,
hanyar fitsari ta ratsa cikinsa.
Furostet, in ji shi. Ƙwayoyin cuta sun shiga,
ya kumbura, ya shaƙe layin.
"Ba za mu tura roba ta ƙofar da ta kumbura ba,
ƙasan cibiya za mu huda."
Duk da azaba na kusa yin dariya.
Na san wannan aikin.
In bututu ya toshe ƙarƙashin siminti
ni ma ta gefe nake bi.

Kafin allurar farko suka ɗebi jini, suka ɗebi fitsari,
aka kai inda ake shuka cuta
a jira ta tsiro ta faɗi sunanta.
Ruwan leda ya rataya bisa kaina,
Sista Rifkatu na zuwa da tocila,
tana rubuta zafin jikina kamar mai bin bashi.

Kwana biyu zazzaɓin bai sauka ba.
Suka shafa min mai sanyi, suka haska ciki,
ko mugunya ta yi aljihu a ɓoye.
Babu.
Rana ta uku takarda ta iso,
aka canza magani.
Da asuba na farka sharkaf da gumi,
na nemi kunun gyaɗa.
Dudu ta fita waje ta yi kukanta, ta dawo da kofi.

An cire robar jiya.
Na tsaya a bayi, ƙofa a rufe,
na ji ƙarar da na raina tun ina yaro.
Alhamdu lillahi.

Sambo ya ce sati huɗu zan sha ƙwaya,
ko na ji garau, kada in ajiye,
wutar da aka bari a ƙasan toka ita ke cin gida.
Dudu ta karɓe ledar, ta ƙulle a haɓar zane.

Akwai famfo a ƙarshen ɗakin nan,
dare shida yana ɗiga.
Robar bakinsa ce ta cinye, daga gado na ji.
Kafin a sallame ni
na ce yaro ya kawo min sufana.