Launin Zoɓo

Tun Laraba motar take min gardama.
In na taka ta a danjar titin Salem
sai ta yi jim, kamar wadda aka tuna wa bashi,
sannan ta zabura har shayina ya kife.
A gareji sun ce dala ɗari uku da hamsin.
Na ce Allah ya ba mu alheri, na fito.

Asabar ta waye wa Dayton da sanyi mai cizon kunne.
Na jingina waya da bulo,
fuskar Baffa ta cika gilashin
daga Panteka, can la'asar ta yi,
ana ta dukan ƙarfe a bayansa.

"Hurera, kafin ki taɓa sifana, me kika sayo?"
Na ɗaga gorar.
"Mai kanti ya ce kowace giya tana shan wannan."
Ya yi dariya har hularsa ta karkace.
"Maganin da ke warkar da kowace cuta
a tashar mota ake tallarsa.
Buɗe littafin motar. Lambar da ya faɗa, ita za ki zuba."
Na koma kanti ina ƙunƙuni,
na cika dala goma sha ɗaya.

"Kada ki ba jak amanar ƙirjinki.
Sa mata ƙafafun ƙarfe, ki jijjiga ta tukuna."
Na jijjiga. Na shimfiɗa kwalin firji,
na shige da baya, sama ta koma tsatsa.

Notin ya ƙi, ya ƙi, sai ya saki gaba ɗaya.
Mai ya zubo da ɗuminsa,
rabi a roba, rabi ya bi hannun rigata.
"Shinshina."
"Ƙauri, Baffa. Kamar ƙanzon da aka manta a wuta."
"Man ne ya gaji. Giyar tana nan da ranta."

Na sauke kaskon, na kai maganaɗisu gaban waya.
Ya matso har ido ɗaya kawai nake gani.
"Murza a yatsa. In gari ne, shekaru ne.
In tsakuwa ce, sai mu fara jaje."
Gari ne, laushi kamar kwalli.

Shekara tara ina kai masa tuwo rumfarsa,
ina tsayawa inda baƙin ƙasa ya fara.
Yaran mutane ya koya wa, sun fi arba'in.
Ni sai, "Ajiye can, kar ki ɓata zane."
Yau ga shi yana faɗin sunayen ƙarafa a hankali,
kamar mai raba gado da ransa,
hannun da ke riƙe da wayar yana rawa.
Ban ce na gani ba.

"Auna abin da ya fita, ki mayar da daidai shi.
Notuna kuma, wannan sai na ƙetarensa,
kuma ba da fushi ake ɗaurewa ba."

Sabon man ya gangara ta mazurari,
ja garau, launin zoɓon ranar suna.
Na tayar, ƙafa a kan birki,
na zaga da sandar giya gida-gida,
ina ɗan tsayawa a kowane, kamar mai sallama.
Na zaro geji, na goge, na sake tsomawa.
Na juyo in nuna masa,
gilashin ya daskare, bakinsa a buɗe, rabin kalma.

Na ɗura tsohon man a gora don mayar wa kanti,
na hau titin Salem ni kaɗai.
Danja ta ba da hannu. Na taka.
Ɗaya, biyu, uku, sumul,
ko ruwan kofi bai motsa ba.
Na ɗauki muryar injin minti guda, na tura.

Sai da na idar da magariba amsa ta shigo,
daƙiƙa shida, akwai tari a farko:
"Na ji ta.
Gobe ki leƙa ƙarƙashi, ko tana ɗiga, Makaniki."