Mai Ɗinkin Kundi a Yogyakarta

Shagona taki huɗu ne, bayan katangar jami'a,
tsakanin mai facin babur da Tumirah mai suyar ayaba.
Shekara talatin da ɗaya ina ɗinke kundin masu gama karatu.
Ni a aji shida na tsaya.
Amma kafin gam ya bushe, ido yakan leƙa.

Wening ta shigo da laka har gwiwa.
Shekara huɗu tana hawan Merapi da 'yar guduma,
tana tsintar tsakuwa kamar mai gyaran shinkafa.
Na ce, "Me dutse zai gaya miki?"
Ta ce, "Ranar da zai yi fushi, Baba.
Ƙauyenmu a gindinsa yake."
Na yi mata ɗinki biyu, ban ƙara ko rupiya ba.

Galih na sashen shari'a, nasa ya fi bulo nauyi,
duk a kan gonar da ba ta da takarda:
kaka ya nome, uba ya nome,
rana tsaka ga kamfani da hatimi.
Rabi ya biya ni.
Saura, in ji shi, sai ya ci shari'ar farko.
Ina nan, ban goge sunansa ba.

Akwai wadda ta feɗe sauro dubu uku
don ta ga inda zazzaɓi yake kwana.
Akwai wanda ya rantse gora za ta ɗauki gada,
malamai biyu suka yarda, na ukun ya ce a sake awo.
Wata ta tare wata bakwai a gaban wata tsohuwa
tana kwashe kalmomin da jikoki suka daina faɗi,
ta zo da su shafi-shafi
kamar irin da aka tsamo daga gobara.

Lintang na lissafi, shafi arba'in kacal,
babu layi ɗaya da na iya karantawa.
Na tambayi amfaninsa, ya sosa ƙeya:
"Wataƙila bayan shekara ɗari wani ya nema."
Ban yi masa dariya ba.
Kakana ya dasa itacen da bai sha inuwarsa ba,
ga shi nan, teburin da nake aiki a kai.

Prasojo na falsafa ne ya sha mini kai.
Sau uku ina ɗinkewa, sau uku yana dawowa a warware,
wai amsar lafiya lau, tambayar ce ta karkace.
Na ce, "Yaro, zare da kuɗi ake saye."
Ya ce, "Me ye kuɗi?"
Na kore shi. Ya dawo da shayi.

Tumirah ta ce duk neman albashi ne,
da takardar da za a rataye a falo.
Ba ƙarya ta yi ba.
Na san uban da ya sayar da saniyarsa ta ƙarshe,
na san mai digiri da yake jigilar fasinja a babur.
Sai dai na ga yadda suke shigowa a shekarar fari,
kowa ya san komai,
da yadda suke miƙo mini kundi da hannu biyu
suna cewa, "Abin da na gano kaɗan ne."

Jiya jikata Ratri ta ajiye nata, ta gudu.
Tattalin arziki ta karanta.
Ashe a kan shagunan layin nan ta yi,
yanzu da malamai suka koma karɓar aiki ta kwamfuta.
A shafi na sittin da biyu na ci karo da kaina:
"Mai ba da bayani na bakwai, tsoho, mai ɗinki."
Ga jadawali, ga layi yana gangarowa,
ya ba mu shekara biyar.

Na cire tabarau, na goge, na sake bin lissafin.
Ban sami inda ta kuskure ba
sai wuri guda: ta rubuta talatin.
Na ɗauki fensir na ƙara ɗayan.
Sannan na daidaita gefen takardun a kan teburin kaka,
na lashi bakin zare,
na nemi kafar allura.