Shafi na Arba'in da Ɗaya

Kwalin na can ƙarƙashin tebur a gareji,
ɓera ya ɗanɗana masa kusurwa.
Da ƙafa na jawo shi, gwiwa ta daina yarda da tsuguno.
Mujallun motoci ne, 'yan ƙanana masu shiga aljihu,
takardar ta yi ja kamar haƙoran mashayin taba,
tana warin giris da tsohon katako.

Senti ashirin da biyar kowace.
Ni da Chuy Barragan muke karo-karo,
shi sha biyar, ni goma,
shi ya sa kullum shi ke fara buɗewa.
A aji mu cusa ta tsakiyar littafin lissafi,
malama na fama da allo,
mu muna ƙirga kabureta.

Shekarar hamsin da uku muka sayi gawar Fodi
a bayan rumbun wani manomin auduga a Shafter.
Dala sha takwas, da sharaɗin mu kore kajin
da suka mai da kujerarta akurki.
Muka tuɓe madigadi, muka datse rufi,
duk abin da ke da nauyi muka yar, har mariƙin ƙofa.
Dare bakwai Chuy na bin hanjin injin da magagari
sai da yatsunsa suka tsage.
Uwarsa na miƙo mana wake da wainar masara ta taga,
tana cewa mai hawa wannan abu ya fara barin wasiyya.

Asubar Lahadi, busasshen tafki a hamadar Mojave,
ƙasa fara fat, shimfiɗe kamar faranti,
sanyi na cizon kunne.
Aka zana mana lamba da farin fenti a ƙofa.
Na taka totur.
Babu salansa. Ƙarar ta ratsa ƙashina ta zauna,
kunnen hagu har yau bai dawo daga can ba.
Mil ɗari da sha huɗu, in ji mai agogo.
Chuy ya wurga hularsa sama, iska ta yi gaba da ita,
ba wanda ya bi sawu.

Bayan wata huɗu, shafi na arba'in da ɗaya:
ga mu!
Hoton bai fi babban yatsa ba.
Motar ta fito tsaf, ni rabin fuska,
Chuy kuwa gwiwar hannu kawai.
Sunana suka rubuta Orvil a maimakon Orval,
nasa ko alama.
Ya yi dariya har ya zame ƙasa:
"Gwiwar hannun nan ta yi suna a California!"
Shida ya saya, da kuɗin hayar ɗaki.

Mun sayar da motar da Lorene ta ɗauki cikin fari,
aka sayi firji da gadon jariri.
Ban yi da-na-sani ba.
To, wani lokacin, in dare ya raba.
Chuy ya riga ni, lokacin girbin inabin da ya wuce.
An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.
Bana ba ta yi mini laifin komai ba,
shirunta ne ya yi yawa.

Jiya jikana Colby ya zo da tasa mai lantarki,
ta shigo lallaɓe kamar kyanwa.
Ya ce ta fi tamu gudu nesa ba kusa ba. Na yarda.
Na ce buɗe gaban in gani.
Wurin ajiye jaka ne.
Babu inda hannu zai yi baƙi.

Na miƙa masa shafin.
Ya ɗora yatsu biyu a kan hoton
zai buɗa shi kamar na waya,
ya tuna, ya ji kunya, muka yi dariya.
Ya kai shi kusa da ido ya ce,
"Kaka, wannan hannun na wane ne?"

Na ce, jawo kujera.