Shafi na Goma Sha Bakwai

Ƙarfe huɗu na asuba a Grimsby,
ƙanƙara na narkewa a bayan mota,
ni kuwa ina neman biro mai shuɗiyar tawada.

Kifin nan jiya da la'asar yana teku,
ba suna, ba ƙasa.
Yau sai na rubuta masa asali:
jirgin da ya kama shi, ruwan da ya sha,
nauyinsa, sunansa da Latinanci,
shafi ashirin da shida,
sannan likitan dabbobi ya zo ya duba gawa
ya sa hannu cewa tana cikin ƙoshin lafiya.

Ni jikan Sarkawa ne, daga Yawuri.
Kakana bai taɓa tambayar giwan ruwa takarda ba.

Maigidana, Desmond Thirkell,
ƙuri'ar fita ya kaɗa, bai ɓoye ba.
Ya ce ruwanmu namu ne, kifinmu namu.
Har tuta ya ɗaura a ƙofar sito,
iskar gishiri ta cinye rabinta.
Ga shi tsaye a kaina, shayinsa ya huce,
yana ƙirga mintoci da dugadugi.
"Namadi, jirgin Dover ba ya jiran kowa."

Ban yi masa dariya ba. Na san wannan zafin.
Shekarar da Baffa Jariri ya fita daga gandu
cewa ya yi ya gaji
da a auna masa hatsinsa da mudun wani.
Gaskiya ya faɗa.
Ya ja iyaka da gamba, ya yi barci har da minshari.
Da damina ta faɗi ya je aron shanun huɗa,
aka ce sai an gama na gandu,
kuma yanzu haya ce.
Su ma gaskiya suka faɗa.
Har ya rasu bai koma ba, bai ce kaico ba.
Gonarsa ce dai, ko dami bakwai ta ba shi.

Teburin can na Wiesława ne.
Shekara goma sha huɗu tana feɗe kifi,
wuƙarta ta fi harshen mai guɗa sauri.
Ba wanda ya kore ta.
Ta ce gaisuwar maƙwabta ce ta canza ɗanɗano,
fam kuma kafin ya isa gida ya rame.
Ta bar tukunyar fure a taga, ta tafi.
Da bango ya tsage
ni ne ƙadangaren da ya shigo,
biza a aljihu, bashinta a wuya.
Masu son a rage baƙi
suka sami baƙon da ya fi na da baƙi.

Makon jiya aka tsare motarmu a tsallake, kwana biyu,
don hatimi ya fito da baƙar tawada.
Direba ya bugo, ya ce ba sai ya yi bayani ba,
tsuntsayen teku sun riga sun taru.
Desmond ya shiga ɗakin sanyi ya ja ƙofa.
Ya daɗe.
Da ya fito ya ce sanyi ne ya sa idonsa ja.

A rediyo wani mai zaƙin baki na cewa
a yi haƙuri shekara goma, za a ga riba.
Wataƙila.
Kifi dai kwana uku gare shi.

Na tsinci biron a bayan tukunyar fure.
Sa hannu, hatimi, sa hannu, hatimi.
Mota ta ɗaga biyar saura kwata,
muka tsaya muna kallon jar fitilarta.

Bai dube ni ba ya ce,
"A garinku, wanda ya bar gida yana komawa?"
Na ce yana komawa,
amma sai ya tsaya a zaure ya yi sallama
kamar kowa.

Ya gyaɗa kai, ya zubar da shayin.
Na sunkuya in ɗaure igiyar takalmi,
sai ga shafi na goma sha bakwai
kwance ƙarƙashin tebur, a jiƙe.