Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ubana Dogara magini ne
a Malumfashi, gidanmu na kallon hanyar Kafur.
Tun zakaran Goggo Tabita bai buɗe baki ba
zai kunna fitilar ƙwai, ya shimfiɗa buzu,
ya ɗauko Littafi Mai Tsarki
wanda bangonsa ya sha ɗinki da zaren buhu.

Karatunsa ba gaggawa.
Yatsa bisa layi, kamar mai bin sawun akuyar da ta ɓace.
In ya ci karo da kalma mai ƙaho sai ya ja birki,
ya ce, "Tambai, zo ka kama mini wannan."
Ni kuwa ido cike da barci,
ina gunaguni, ai jiya ma mun karanta.

"Jiya ka ci tuwo," in ji shi,
"yau ka yafe ke nan?"

Shekara goma sha ɗaya muna haka.
Da damina, yoyon ɗaki na jiƙa gefen shafi.
Da bazara, gumi na ɗiga daga haɓarsa.
Washegarin da muka binne Inna ma bai tsallake ba,
aya biyu kawai, muryar na rawa, ya rufe.
Ranar da wani attajiri ya danne masa kuɗin aiki
ya karanta, ya yi shiru mai tsawo,
ya tafi ya ƙarasa masa katangar.
Wannan ya ba ni haushi har na ƙi cin abinci.

Sai ga shi ikilisiya ta aike ni
wani ƙauye can bayan rafi, Gidan Barmo.
Na ɗaure jaka a bayan keke,
wa'azi uku rubuce a takarda, na haddace su sarai,
har da wuraren da zan ɗaga murya.

Ba wanda ya taru.
Abin da na tarar, toka.
Rumbun tsoho Mati ya ƙone da dare,
dawar shekara guda ta tashi a hayaƙi,
yana zaune bisa turmi, ya zuba wa ƙasa ido.
Wace takarda zan zaro a nan?
Na jingine keke, na tuɓe riga,
ɗan magini ai ya san kwaɓin ƙasa.

Kwana uku muna ɗora laka bisa laka,
ban ce masa komai ba sai "miƙo ruwa."
Daren na uku ya turo mini ƙwaryar fura,
ya ce, "Yaro, ba dangin iya, ba na baba,
wa ya aiko ka?"

Na buɗe baki.
Ba wa'azin takarda ne ya fito ba.
Asubahin nan ne, ɗaya bayan ɗaya,
waɗanda na ɗauka barci ya cinye su,
suka taso kamar ruwan rijiya bayan an yashe.
Na ba shi labarin Almasihu da muryar ubana,
ina tsayawa daidai inda yake tsayawa.

Mati bai ce ya yarda ba, bai ce ya ƙi ba.
Ya daɗe yana sakace.
Ya ce, "Gobe akwai jinka. In mun gama, ka ƙara mini."

Yanzu ni ke kunna fitila kafin zakara,
ba don ina da wa'azi a ranar ba,
galibi ba ni da shi.
Goran ne nake fafewa kaɗan kaɗan,
ban san ranar da mai ƙishi zai tare ni ba.

Idon Baba ya yi hazo bana.
Ran Asabar nakan taka keke in je gida,
in same shi bisa buzun, Littafin a cinya,
yatsa na lalube bisa layin da ba ya gani.
Ya ji motsina, ya ce,
"Tambai, zo ka kama mini wannan."