Kantun Asabar

Mansura ce ta gano shi a kanti, titin Gidan Zu,
ɗan sanda guda cikin leda mai ƙyalli.
Na juya na ga kuɗinsa, na mayar a hankali
kamar mai ajiye ƙwan da ba nasa ba.

Asabar na shiga kasuwar Rimi:
riɗi gwangwani biyu, gyaɗa rabin kwano,
dabino mai taushi, zuma a kwalbar lemo,
mai ita na rantsuwa ba ta san sukari ba.

Barira ta hura gawayi, wuta ta tafi tun asuba.
Riɗi na tsalle a kasko.
Tasi'u na murza gyaɗa, yana hure ɓawo,
ɗaya a faranti, biyu a baki.
Na ce ina ganinka. Ya ce ɗanɗanawa yake.

Zuma ta tafasa, ta ja zare.
Muka juye a tire, na danne da gindin kwalba.

Na fari ya ƙone.
Inna daga ɗaki: "Wa ya bar tukunya?"
Na biyu ya ƙi kama jikinsa,
wuƙa na taɓa shi ya watse
kamar kasuwa da magariba,
muka zuba shi a nono, muka bi da ludayi.

Na uku ya tsaya.
Mansura ta yanka, wani dogo, wani karkatacce,
ta naɗe biyu a takardar jarrabawar bara
don ranar Litinin.
Ta ce, "Baba, bai yi kama da na kanti ba."
Bakinta cike.